Mutanen da ke tsaye a bayan shugaban ƙasa: mene ne aikinsu, wa ke sa musu ido?

Idan Shugaba Bola Tinubu ya zo Legas hutun Sallah ko na ƙarshen shekara, mutanen Obalende da Ikoyi ba sa bukatar sanarwa. Jiniya ce za ta fara gaya musu, sannan a tsare hanya, masu tebur a bakin titi su ja kayansu baya. Ko a filin Idi na Barikin Dodan ya sauka, ko a gidansa na titin Bourdillon, ko wajen buɗe wani aiki, akwai fuskokin da ba sa rabuwa da shi: wani hafsan soja da ke tsayawa daidai bayan kafaɗarsa, wasu 'yan kwat masu waya a kunne da ba sa kallon mai jawabi sai taron jama'a, wani riƙe da jaka, wani kuma yana gaba yana nuna wa kowa kujerarsa. Yawancinmu mukan haɗa su duka mu ce dogarai ne.

Abu biyu ne suka sake tayar da zancensu a ƙarshen 2025. A watan Nuwamba shugaban ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, ya ce mai son masu gadi ya nemi jami'an sibil difens. A watan Disamba kuma jaridu suka ruwaito cewa ana shirin ɗaga dogarinsa na soja, Kanar Nurudeen Yusuf, zuwa birgediya-janar tun bai daɗe da zama kanar ba, daga baya aka ruwaito an jingine maganar bayan ƙorafin da ya biyo baya. Tun daga nan muhawara ta ɓarke a teburan mai shayi na Agege da Idi-Araba: shin mutumin da aikinsa tsayuwa a bayan wani ne, me ya sa muƙaminsa zai tayar da ƙura haka?

Wane ne wane a cikin ayarin

Wanda aka fi gani a hoto shi ne dogarin soja, wanda ake kira ADC. Hafsan soja ne mai ci, galibi laftanar-kanar ko kanar, wanda rundunar soja ke ba da aronsa ga shugaban ƙasa a matsayinsa na babban kwamandan askarawa. Shi ke ajiye takardar jawabi a kan mumbari, shi ke karɓar kyauta ko wasiƙar da aka miƙa wa shugaba a bainar jama'a, shi ke raɗa masa cewa lokaci ya yi. A faretin soja yana biye da shi taku bayan taku. Albashinsa da ƙarin girmansa suna hannun soja, kuma idan ya gama akan mayar da shi bariki ya ci gaba da aiki da tsaransa. Wannan komawa barikin ita ce tushen rikicin ƙarin girma, za mu dawo kanta.

Na biyu shi ne babban jami'in tsaron shugaban ƙasa, CSO. A mulkin farar hula yakan fito ne daga hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, kuma 'yan kwat ɗin nan yaransa ne. Kafin shugaba ya iso wuri, mutanensa sun riga sun zo sun duba ƙofofi, sun san asibitin da ya fi kusa, sun zaɓi hanyar fita idan abu ya ɓaci. Shi ke da ta cewa kan wanda zai matso kusa da wanda zai tsaya nesa. A bayan waɗannan akwai 'yan sandan fada, sai kuma rundunar sojan da ke tsaron fadar gwamnati da birnin Abuja, wadda ita ce zoben waje.

Sauran farar hula ne. Akwai babban jami'in tsara ganawa da tarbar baƙi, wanda bisa al'ada jami'in diflomasiyya ne. Shi ya san wanda zai fara gaisawa da shugaba, da inda gwamna zai zauna, da inda Oba na Legas zai zauna. Akwai likitan shugaba. Akwai sakatarensa na musamman da ke kula da takardun da ke shiga ofis da masu fita, da hadimai na kusa waɗanda ke riƙe wayarsa, su san abincinsa da maganinsa da lokacin barcinsa. A saman ma'aikatan ofis duka akwai shugaban ma'aikatan fada, muƙamin da Obasanjo ya shigo da shi a 1999 ya ba Janar Abdullahi Mohammed, wanda Abba Kyari ya riƙe har rasuwarsa a Legas a watan Afrilun 2020, kuma Femi Gbajabiamila na Surulere ya karɓa a 2023.

Abin da doka ta faɗa

Kundin tsarin mulki na 1999 bai yi dogon bayani a kansu ba. Sashe na 147 ya ce minista sai Majalisar Dattawa ta tantance shi. Sashe na 151 ya ba shugaba damar naɗa mashawarta na musamman, amma majalisa ce ke ƙayyade yawansu da abin da za a biya su. Shi ya sa Buhari ya nemi amincewa da 15 a 2015, Tinubu ya nemi 20 a 2023. Hadimai na kusa kuwa suna ƙarƙashin sashe na 171, wanda ya ba shugaba ikon naɗa duk wanda ya ga dama a cikin ma'aikatansa na kansa, ya kuma cire shi ranar da ya so. Babu tantancewa, babu ƙayyade yawa. Muƙaminsu yana ƙarewa ne ranar da maigidansu ya sauka. Gwamnoni ma suna da irin wannan dama a sashe na 208, abin da ya sa akan ji gwamna ya naɗa mataimaka ɗaruruwa a rana guda.

ADC da CSO suna da wata igiya ta daban, domin dokokin soja da na hukumar tsaro suna kansu, kuma kamar kowane soja ko jami'in tsaro wajibi ne su bayyana kadarorinsu ga hukumar ɗa'ar ma'aikata. A takarda ke nan. A aikace, da wuya a sami babban hafsan da zai tuhumi ƙaramin hafsa wanda kullum yake kwana ya tashi da shugaban ƙasa.

Abin da Legas ta gani da idonta

Yadda tsaron shugaban Najeriya ya zama abin da yake a yau, a titunan Legas aka koyi darasinsa. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, Janar Murtala Muhammed ya fito daga gidansa na Ikoyi zai tafi ofis a Barikin Dodan, fadar gwamnati ta wancan lokaci, cikin baƙar Marsandi, ba jiniya, ba jerin motocin rakiya, domin ba ya son wannan tsarin. Cunkoso ya tsayar da motar kusa da sakatariyar tarayya, sojojin da ke tare da Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, ya mutu tare da shi, haka ma direbansa. Motar tana nan a gidan tarihi na Onikan da hudojin harsashi a jikinta, duk mai so yana iya zuwa ya gani. A shekarar nan ce gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar tsaro ta NSO, wadda Babangida ya raba gida uku a 1986, DSS ta yau ta fito daga cikinta. Daga ranar da aka kashe Murtala babu shugaban Najeriya da ya sake yarda cunkoson Legas ya tsayar da motarsa.

Shekara 14 bayan haka, ranar 22 ga Afrilun 1990, sojojin da Manjo Gideon Orkar ya yi magana da yawunsu suka afka wa Barikin Dodan da dare. Dattawan Obalende ba su manta da wannan rana ba, musamman da yake a jawabin da Orkar ya yi a rediyo ne aka ce an cire Sakkwato da Kano da Katsina da Borno da Bauchi daga Najeriya. Babangida ya tsira, amma dogarinsa, Laftanar-Kanar U.K. Bello, ya rasa ransa a harin. Ranar 12 ga Disambar 1991 aka kwashe fadar gwamnati zuwa Abuja, kuma masu nazari da yawa suna ganin harin ne ya ƙara wa ƙaurar sauri.

Wannan ɓangaren aikin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A watan Janairun 2013, da 'yan bindiga suka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero hari, direbansa da wasu dogaransa ne suka rasu, sarki ya tsira. Duk wanda zai yi wa masu wannan aiki hisabi, ya kamata ya fara da sanin cewa a cikin sharuɗɗansa akwai tare harsashi da ƙirji.

Amma kusancin yana biya. Sani Bello, wanda yake dogarin Janar Aguiyi-Ironsi lokacin da aka kashe shi a Ibadan a watan Yulin 1966, ya zama gwamnan soja na Jihar Kano a 1975. Mustapha Jokolo, dogarin Buhari a mulkinsa na soja, ya zama Sarkin Gwandu a 1995, ko da yake wannan gadon gidansu ne. Sambo Dasuki ya yi wa Babangida dogari, ya zo ya zama mai ba Jonathan shawara kan tsaron ƙasa a 2012. Mutumin da ya shekara biyu ko uku yana jin abin da ake faɗa a ɗakin da ministoci ke jira a ƙofarsa, ya fita da sanayya da sirrin da babu makarantar da ke koyar da su.

Mai riƙe da ƙofa

Ainihin ƙarfin waɗannan mutane ba a bindiga yake ba, a ƙofa yake. A fadar Kano an daɗe da sanin haka: Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba 'ya'yan sarauta ba ne, amma hakimi da rawaninsa sai ya nemi iso kafin ya ga sarki, kuma wanda ke kai saƙo ciki ya fito da amsa yana da tasirin da ba a rubuta a ko'ina ba. Shugaban ƙasa yana da sa'o'i 24 ne kamar kowa. Wanda ke tsara wa zai gani, wace takarda za a ɗora a sama, wane kira za a haɗa shi da shi, shi ke zaɓar abin da shugaba zai sani game da ƙasarsa.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Manjo Hamza Al-Mustapha, CSO na Janar Sani Abacha daga 1993 zuwa 1998. Manjo ne kawai, amma janar-janar sukan jira izininsa kafin su shiga. Bayan rasuwar Abacha aka kama shi, aka gurfanar da shi a Legas kan kisan Kudirat Abiola da aka yi a 1996. Babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a watan Janairun 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta sallame shi a watan Yulin 2013, bayan ya kwashe shekara 14 da ɗoriya a tsare, yawancinsu a gidan yarin Kirikiri na Legas. Har yau ra'ayi a kansa ya rabu: a Kano an yi masa gagarumar tarba, a Legas kuwa akwai waɗanda sunansa kaɗai ke tuna musu zamanin tsoro.

A mulkin farar hula ma an gani. Shugaba Umaru 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda ranar 23 ga Nuwamban 2009 ba tare da miƙa wa mataimakinsa ragama a rubuce ba. Wata da watanni tawagogin gwamnati suna zuwa Saudiyya suna dawowa ba su gan shi ba; iyalinsa da 'yan tsirarun hadimai da jami'an tsaronsa ne kaɗai suka san halin da yake ciki. Sai da majalisa ta ayyana Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairun 2010, kuma ko da aka dawo da shugaban cikin dare a ƙarshen watan, ƙofar ba ta buɗu ba. Wannan ne ya jawo gyaran sashe na 145, wanda yanzu ya ce idan shugaba ya yi kwana 21 bai aika wasiƙa ba, majalisa za ta iya ba mataimakinsa riƙo.

Su kansu mutanen fadar sukan yi karo da juna, domin babu dokar da ta shata iyakar kowa dalla-dalla. A watan Yunin 2015, makonni kaɗan da rantsar da Buhari, wasiƙun cikin gida suka fita waje inda ADC ɗinsa da CSO ɗinsa ke jayayya kan ko soja ne ko DSS za su tsaya a jikin shugaba. A watan Yunin 2020 kuma aka ji ƙarar harbi a harabar fadar, a wata hatsaniya tsakanin masu tsaron uwargidan shugaban da wani hadiminsa na kusa da ya dawo daga Legas, kan batun killace kai saboda korona. Fadar ta tabbatar da faruwar abin, ta ce an ba da umarnin bincike.

Da ɗan gari akan ci gari

Haɗari mafi girma shi ne mai tsaro ya juya. 'Yan Nijar da ke Alaba Rago da Mile 12 sun fi kowa sanin wannan. A watan Afrilun 1999 dakarun fadar shugaban ƙasa ne suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai, kwamandansu Daouda Malam Wanke ya hau mulki. Ranar 26 ga Yulin 2023 kwamandan wannan runduna dai, Janar Abdourahamane Tchiani, ya tsare Mohamed Bazoum a cikin gidansa. Wata guda bayan haka Brice Oligui Nguema, wanda ya taɓa yi wa Omar Bongo dogari, ya kifar da ɗansa Ali Bongo a Gabon. A Gini dogarin Moussa Dadis Camara ne ya harbe shi a ka a 2009. A Indiya masu gadin Indira Gandhi biyu ne suka kashe ta a 1984. A nan gida, Kanar Joe Garba, kwamandan dakarun da ke tsaron Gowon, shi ya karanta sanarwar hamɓarar da shi a gidan rediyon Legas a watan Yulin 1975, Gowon yana taro a Kampala.

Wannan tarihin ne ke bayyana abin da mutane ke yawan suka, wato shugaba ya ɗauko ɗan garinsu ko wanda ya daɗe da sani ya ajiye a jikinsa. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake raba tsaron tsakanin soja da DSS da 'yan sanda, kowa yana sa wa ɗan'uwansa ido.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu kare tsarin yanzu suna cewa amana ba a yi mata jarrabawa. Mutumin da zai riƙe wayarka, ya san ciwonka, ya tsaya a bayanka da makami, kai ya kamata ka zaɓe shi, ba majalisa ba. Idan shugaba ya saba da dogari ɗaya, sauya shi saboda ƙa'idar bariki kasada ce. Game da ƙarin girma kuma, hujjarsu ita ce shugaban ƙasa shi ne babban kwamanda, kuma jami'in da ke hulɗa da manyan hafsoshi kullum yana bukatar muƙamin da za a saurare shi.

Masu suka ba su musanta batun amana ba. Abin da suke cewa shi ne soja yana tafiya ne a kan layi: akwai shekarun da ake yi a kowane muƙami, akwai kwasa-kwasan da ake halarta, akwai hukumar da ke zama ta duba. Hafsan da ke daji a Borno ko Zamfara idan ya ga tsaransa ya tsallake shi saboda yana fada, darasin da zai ɗauka shi ne kusanci ya fi fagen daga riba. Suna ƙara da cewa dogarin da ya daɗe ƙwarai yakan tashi daga ma'aikacin ƙasa ya koma yaron gida. Sukan kawo misalin Amurka, inda hafsoshi da dama daga rassan soja daban-daban ke karɓa-karɓa wajen bin shugaba da jakar umarnin makaman nukiliya, kowa ya yi wa'adinsa ya koma, ta yadda babu mutum ɗaya da zai mallake ƙofar. Da Faransa, inda a 2018 aka ga bidiyon Alexandre Benalla, hadimin Shugaba Macron, yana dukan masu zanga-zanga; an kore shi, Majalisar Dattawa ta yi bincike a bainar jama'a, kotu ta same shi da laifi a 2021. Ɓangaren farko yakan amsa da cewa waɗannan ƙasashe ba su san juyin mulkin dakarun fada irin na yankinmu ba, saboda haka lissafinsu daban ne. Wannan amsa tana da nauyi a batun zaɓen mutum, amma ba ta taɓa batun bincike idan hadimi ya wuce gona da iri ba.

Yadda abin ke taɓa talaka

Na farko shi ne hanya. Shawarar rufe titi daga filin jirgin Ikeja zuwa Ikoyi, da tsawon lokacin da za a rufe, jami'an tsaron shugaba ne ke yanke ta tare da 'yan sanda da LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Jihar Legas. Direban da ya ɗauko tumatir ko tattasai daga Mile 12 zai kai Obalende, sa'a biyu a rana tsaka ba ƙaramar asara ba ce gare shi, haka mahaucin da ya taso da nama daga mayankar Oko-Oba. Amfani da jirgi mai saukar ungulu da sanar da jama'a tun da wuri suna rage wannan wahala, kuma duka biyun a hannun waɗannan jami'ai suke.

Na biyu shi ne kai kuka. Idan gobara ta ci kasuwa, ko aka yi rusau, ko rikici ya tashi tsakanin 'yan Arewa da masu masaukinsu, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa sukan rubuta takarda. Ko takardar za ta kai teburin gwamna ko shugaban ƙasa, ko za ta kwana a aljihun wani, ya danganta da hadiman da ke tsakani. Al'ummar da ba ta da kowa a ciki takan ji a jikinta, shi ya sa naɗin mataimaki kan harkokin 'yan Arewa a gwamnatin jiha ba ƙaramin abu ba ne a wajen mutanen Agege, ko da ofishin ba shi da kasafi mai yawa.

Sai kuɗi da yawan jami'ai. Albashi da alawus da tafiye-tafiyen ayarin suna fitowa ne daga kasafin fadar shugaban ƙasa da majalisa ke amincewa da shi duk shekara. Abin da ya fi wannan tsada shi ne kwaikwayo: gwamna yana da ADC da CSO, matarsa tana da nata, shugaban ƙaramar hukuma da attajiri ma suna son a ga ɗan sanda riƙe da jakarsu. Kowane ɗan sanda da ke buɗe wa wani ƙofar mota, an rage shi ne daga ofishin unguwa. Umarnin watan Nuwamba wannan ya nufa, sai dai sufeto-janar na 'yan sanda da dama sun sha ba da irinsa a baya, bayan 'yan watanni jami'an su koma inda suka fito.

Akwai kuma 'yan damfara. Saboda kowa ya san kusanci yana buɗe ƙofa, ba a rasa mai buɗe shafin Facebook da sunan wani hadimin fada, ko mai kiran ɗan canji ko dillalin shanu ya ce shi yaron ADC ne, akwai kwangila ko gurbin aikin kwastan ko kujerar Makka, a turo kuɗin fom. Yakan haɗa da hotonsa tsaye kusa da wani babba a wajen taro. Babu ɗaya daga cikin ofisoshin da aka lissafa a sama da ke da hurumin ba da kwangila ko ɗaukar ma'aikata. Kwangila tana bi ta ma'aikatu ne, ɗaukar aiki kuma ta hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin haka.